Akwai analiz ɗin da zai nuna yaro mai saurin kamuwa da cuta ne?

"Assalamu alaikum Dokta, ina wuni ya aiki. Ni ina Damagaram ne, unguwar Garin Malam. Yarona watanshi 14, tunda damina ta sauka sau uku muna kai shi likita, in ba masassara ba zawo, in ba zawo ba tari. Na ƙarshen nan an mishi analiz aka rubuta CRP 62, globil blan 16.800, emoglobin 8,4, gwajin palu kuma ya nuna akwai. Suka ba mu Coartem da amoksisilin, ya samu sauƙi alhamdulillah amma har yanzu bai maida jikinshi ba. Da kilo 2,2 aka haife shi. Ƙanin babanshi ya ce mu kai shi Kano ko Yamai a mishi babban gwajin jini wanda ke nuna ƙarfin garkuwar jiki. Don Allah akwai gwajin da zai nuna tun da wuri cewa yaro mai saurin kamuwa ne? Kuma wannan CRP ɗin da ya hau yana nufin jininshi na da matsala?"

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ƙara ma yaron lafiya ya raya miki shi. In na fahimce ki da kyau abu biyu kike son sani, na farko ko akwai wani abu cikin jini da za a auna a ce wannan yaron cuta za ta riƙa saurin kama shi, na biyu ko lambobin nan da ke kan takardar labo suna nufin wani mugun abu ne ya zauna mishi a jini. Ta farkon dai in faɗa miki kai tsaye, gwaji guda ɗaya da zai yi wannan aikin babu shi, ba a Zinder ba, ba a Kano ba, ko Faransa kika kai shi ba za a samu ba. Abin da muke da shi alamomi ne da yawa da muke harhaɗawa, wasu a jini wasu a fitsari wasu a jikin yaron kanshi, kuma iri biyu ne. Akwai masu faɗa mana abin da ke faruwa yau ɗin nan da yaro ke kwance, akwai kuma masu faɗa mana ko jikin nashi na da abin da zai tare cutar da za ta zo gobe. Takardar da ke hannunki kusan duk irin na farko ne, ke kuma na biyun kike nema, kuma na biyun nan mafi yawansu ba su da tsada, wani ma a tsakar gidanki za ki auna shi.

Lambobin da ke kan takardar

CRP wani furotin ne da hanta ke zubowa cikin jini duk lokacin da jiki ya ji akwai kumburi a wani wuri. Tun 1930 aka gano shi a Amurka cikin jinin masu ciwon huhu. A lafiyayyen yaro bai kai miligram 10 a lita ba, yawanci ma ƙasa da 5. In cuta ta shigo yakan fara hawa bayan awa 6 zuwa 8, ya kai ƙarshen hawanshi wajen kwana biyu, in magani ya kama kuma sai ya riƙa sauka da sauri, kusan rabi a kowace rana. To kin ga 62 ɗin nan labarin ranar da aka ɗebi jinin ne kawai, in aka sake yau da ya warke wataƙila ki tarar ya koma ƙasa da 5. Ba ciwon jini ba ne, ba kuma abin da ake gado ba.

Inda ya gaza shi ne bai faɗin mi ya tada shi. Kaman kuwwa ce cikin dare a unguwa, kin san lalle wani abu ya faru amma ɓarawo ne ko gobara ko maciji, sai an fita an duba. Bakteriya na tada shi sosai, birus yawanci kaɗan yake tada shi amma akwai birus ɗin da ke kai shi sama, ƙuna da rauni na tada shi, sannan abin da ya fi shafarmu mu a nan, palu, wato masassarar cizon sauro, ma na tada shi ƙwarai. A ƙasar da babu sauron palu likita na iya ganin CRP ya wuce 80 zuciyarshi ta tafi ga bakteriya, mu kuwa cikin Satumba da Oktoba yaro mai palu zalla na iya zo miki da sama da 100. Ni inda ya fi min amfani wuri biyu ne. In yaro ya kwana biyu da masassara amma yana wasa yana shan nono, palu babu, CRP kuma ya fito ƙasa, hankalina na kwanciya in bar shi ba antibiyotik in ce a dawo min da shi in gani. Sai kuma yaron da ke kwance yana karɓar allura, in na auna yau na sake bayan kwana biyu na ga bai sauka ba, na san ko maganin bai dace da ƙwayar ba ko akwai ruwa ko mugunya da ta taru a wani wuri.

Globil blan kuma, wato fararen ƙwayoyin jini masu faɗa da cuta, nan ne iyaye suka fi firgita a banza. Takardun labo da yawa ma'aunin manya ne aka buga a gefe, 4.000 zuwa 10.000, sai uwa ta ga 16.800 ta ga an ja mishi layi ta ce shi kenan. Alhali ɗan shekara ɗaya daga 6.000 har 17.500 duk cikin iyaka yake, jariri sabon haihuwa ma na iya kai 30.000 lafiyarshi lau. Na yaronki yana can sama amma bai fita gida ba. Abin da muke dubawa shi ne wane iri ne ya yi yawa a cikinsu, in netrofil ne suka mamaye mun fi zargin bakteriya, in linfosit ne mun fi zargin birus ko tarin shiƙa, tare da sanin cewa ƙaramin yaro dama linfosit ɗinshi sun fi yawa ko yana lafiya. Kuma wallahi saukarsu ta fi ba ni tsoro bisa ga hawansu, jaririn da ya ƙi nono aka auna aka ga ƙasa da 5.000, wannan jikin ne ya fara kasawa.

Gwajin palu na yatsa shi ma akwai abin da ya kamata ki sani. Mafi yawan waɗanda ake amfani da su wani furotin na ƙwayar palu suke kamawa, kuma furotin ɗin na iya zama cikin jini sati biyu, uku, har wata bayan ƙwayar ta mutu. In ya sake masassara nan kusa aka yi na yatsa ya nuna layi biyu, wannan bai tabbatar da sabon palu ba, a nemi gut epes a duba da madubin labo, a kuma duba kunne da maƙogwaro da ƙirji da fitsari. Fitsarin nan ana yawan mantawa da shi alhali ciwon mafitsara na ɓoyewa a ƙananan yara, babu wata alama sai masassara da amai da ƙin girma. Haka kuma samun palu bai hana wata cutar ta zo tare da shi, an san yaro mai palu da ƙarancin jini ya fi saurin samun ƙwayar salmonela a jini. Ko yaronki ya buƙaci amoksisilin ɗin ko Coartem kaɗai ya isa, wanda ya saurari ƙirjinshi ranar shi ne zai faɗa, ni ban gan shi ba.

Akwai prokalsitonin da za ki iya jin sunanshi, wanda aka fara nuna amfaninshi a 1993, ya fi CRP saurin hawa kuma ya fi shi karkata ga bakteriya, amma yana da tsada, palu mai tsanani na tada shi, jariri a kwana biyun farko ma nashi a sama yake. Akwai emokiltir, a ɗebi jini a shuka a ga ƙwayar da za ta tsiro, shi ne mai faɗin sunan ƙwayar da maganin da ke kashe ta, sai dai yana cin kwana biyu zuwa uku ko fiye kuma in an riga an ɗura ma yaro kafso ɗin masu talla a gida sau da yawa ba abin da ke tsirowa. Widal kuwa don Allah kar a gina komi a kanshi shi kaɗai, yana nuna taifot ga wanda bai da ita, na sha ganin yara an musu allurai kwana da kwanaki sabida shi alhali palu ne.

Wanda na tsaya a kai cikin takardar taki shi ne emoglobin 8,4, wato ma'aunin da ke nuna ko jini ya isa a jiki. Ga yaro ƙasa da shekara biyar, in ya gaza wajen 11 akwai ƙarancin jini, ƙasa da 7 ya yi tsanani, ƙasa da 5 tare da palu kuma ana maganar rai ne. Shi ba ya sauka ya koma cikin kwana biyu kaman CRP, yana ɗaukar makonni, kuma yaron da ya shiga palu na gaba da 8 ba daidai yake da wanda ya shiga da 11 ba.

Yaro mai tamowa, lambobinshi na iya yin shiru

Wannan ina so duk uwar da ke karantawa ta ji shi. Masassara da CRP da hawan globil blan duk aikin jiki ne, ƙarfi jiki ke kashewa ya yi su. Yaron da tamowa ta cinye, musamman mai kumburin ƙafa, wani lokaci jikinshi bai da abin da zai yi wannan aikin da shi. A ɗakin masu tamowa kina shiga za ki ga yaro kwance shiru ba kuka, ki taɓa tafin ƙafarshi sanyi ƙalau, ma'aunin zafi ya nuna 35, ki danna babban yatsa bisa ƙafar daƙiƙa uku ki ɗaga ramin ya zauna, uwar kuma tana gefe tana ce miki ai yau da sauƙi jikin ya huce. Wannan yaron na iya kasancewa da ƙwayar cuta cike da jini. Shi ya sa a wajensu sanyin jiki da faɗuwar sukari su ne alamun cuta, kuma in aka kwantar da su ba a jiran analiz, ana fara antibiyotik da madarar asibiti ta masu tamowa da ake kira F-75 da ɗumama jiki nan take.

An ma gwada abin nan kusa da mu. A Maraɗi an bi yara sama da 300 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar, aka buga sakamakon a 2014, aka ga CRP da prokalsitonin ba su iya rarrabe mai bakteriya a jini da wanda bai da ita yadda ake so ba, ko da yake wanda CRP ɗinshi ya hau sosai ya fi shiga haɗarin mutuwa. Ma'aunan da aka tsara a kan yara ƙosassu na wata ƙasa ba dole su zauna daidai a kan namu ba.

Alamomin da suka fi faɗin gobe

Na farko kin riga kin faɗe shi da bakinki, kilo 2,2. Duk jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2,5, ko bakwaini da bai cika sati 37 ba, ya fara rayuwa da guzuri kaɗan. Garkuwar da uwa ke ba ɗanta ta hanyar mabiyiya mafi yawanta a wata ukun ƙarshe na ciki take wucewa, sinadarin ƙarfe na yin jini ma haka, sabida haka wanda ya fito da wuri ko ya fito ƙarami duka biyun bai cika jakarshi ba. Ita garkuwar uwar kuma dama tana ƙarewa a hankali wajen wata shida, daga nan har shekara biyu yaro nashi yake ginawa, lokacin ne kuma yake rarrafe yana kai komi baki, ana fara ba shi kunu da ruwan randa. Mura sau shida zuwa takwas a shekara ga ɗan wannan shekarun ba abin mamaki ba ne, zawo kaman sau uku a shekara shi ma abin da aka saba gani ne a ƙasashe irin namu. Yawan zuwan ciwon bai dame ni ba kaman nauyinshi, da kuma ko yaro na maida jiki tsakanin ciwo da ciwo. Kalmar da kika ce bai maida jikinshi ba ita ce ta fi tsaya min a rai cikin duk saƙon.

Na biyu damtse. Ƴar igiyar nan mai ja da rawaya da kore, ni a ganina babu analiz ɗin da ya kai ta faɗin wane yaro ne ke cikin haɗari tsakanin wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da milimita 115 ja ne, 115 zuwa 125 rawaya, daga 125 kore. Yaron da ke da tamowa mai tsanani haɗarin mutuwarshi daga zawo ko ciwon huhu ya ninka na ƙosasshe sau tara ko fiye. Kuma a nan jihar tamu ne, cikin gundumar Mirriah, aka gwada koya ma iyaye mata su riƙa auna ƴaƴansu da kansu, aka ga suna yi daidai kuma suna kawo yara da wuri kafin abu ya ɓaci, yau ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan hanyar. Ki nemi igiyar a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko wajen rulai, masu taimaka ma likita a unguwarku. Hannun hagu, a sake shi ya rataya, tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kar ki matse kar ki bar ta sako-sako, ki karanta a ƴar tagar. Sau ɗaya a wata ya isa in yana lafiya, bayan kowane ciwo kuma ki sake. Tare da shi akwai layin kilo da ke cikin karne ɗinshi na awo da rigakafi, in wata biyu uku layin ya kwanta bai hau ba to wani abu na ci, ko da damtsen na cikin kore.

Na uku emasi, wato ciwon sikila da ake gado. In akwai gwajin jini ɗaya da zan ce ki kashe kuɗinki a kai to elektroforez ne, mai nuna ko yaro AA ne ko AS ko SS, sau ɗaya a rayuwa. Yaro mai SS, wato mai emasi, saifarshi tun cikin shekarar farko take fara lalacewa, saifa kuwa ita ke tace wasu ƙwayoyi daga jini musamman nemokok mai kawo ciwon huhu da sanƙarau, sabida haka masassarar da wani yaro zai kwana da ita ya tashi, mai emasi na iya rasa rai a kanta cikin awoyi. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya nuna ba su penisilin kullum na rage wannan mugun ciwon da kashi 84 cikin ɗari. Kin ga nan sani na da amfani na gaske, don akwai abin yi. Gwajin Emmel da ake yi da arha yana nuna akwai S ne kawai, bai raba AS da SS, kuma AS ba ciwo ba ne. Ban ce yaronki na da shi ba, amma ƙarancin jini da yawan ciwo da rashin girma sun isa a duba, balle in ya taɓa kumburin bayan hannu ko ƙafa yana kuka in an taɓa, ko idonshi ya yi rawaya, ko akwai mai shi a dangi.

Na huɗu karne ɗin rigakafi. Tun 2014 allurar nemokok da ɗigon rota na zawo suna cikin tsarin Nijar, ki duba ko ya samu duka, da ta ƙyanda ta wata tara, ta biyun kuma tana tafe cikin shekararshi ta biyu kar ta wuce ki. Ƙyanda ba ta tsaya ga kwanakin ƙurajen ba, binciken da aka buga a 2019 ya nuna tana goge wani babban kaso na garkuwar da yaro ya riga ya tara, a wasu har kashi 70 cikin ɗari, shi ya sa za ki ga yaro ya tashi daga ƙyanda ya shiga zawo, ya fita zawo ya shiga tari wata da watanni. Sai gwajin sida, wanda nake neman a yi ma uwa in yaro na ta ciwo ba ya girma, ba zargi ba ne, tsarin aiki ne, kuma ga yaron da bai kai wata 18 ba gwajin yatsa garkuwar uwa yake iya nunawa, sai an yi na PCR mai neman ƙwayar kanta ake tabbatarwa.

Akwai kuma hanji. Yaron da ke ta haɗiyar ƙwayoyi daga ruwa da ƙasa da kashin kaji da awaki na tsakar gida, hanjinshi na zama cikin ƙaramin kumburi kullum ko ba zawo, abinci bai shiga jiki yadda ya kamata. Mu da muka san wahalar ruwa a garin nan, inda ake sayen na ƴan garuwa a adana kwana da kwanaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu bincike na auna wasu sinadarai a kashin yaro don gane wannan kumburin, irin su kalprotektin da miyeloperoksidaz, wasu kuma na aiki a kan sinadaran jini irin su sTREM-1 da anjiyopoyetin-2 da ke nuna wane mai masassara ne zai rikice. Ina fatan wata rana su zama gwajin yatsa mai arha a CSI na ƙauye don manjo, wato shugaban CSI ɗin, ya san wa zai tura Zinder tun da rana, amma yau aikin bincike ne, ba abin da za ki je ki saya ba ne, kuma ba su faɗin makomar lafiyayyen yaro.

Yaushe tafiyar ke da amfani

Ƙanin baban nashi bai yi kuskure gaba ɗaya ba, akwai yaran da ake haifa da naƙasar garkuwa, kuma akwai gwajin auna imunoglobilin, wato sinadaran garkuwa na jini, da ire-iren linfosit da sai a manyan asibitoci. Amma ba su da yawa, kuma labarinsu daban yake. Ciwon huhu na gaske sau biyu ko fiye cikin shekara ɗaya, sanƙarau ko cutar jini da ta maimaita, maruru masu zurfi da ke ta dawowa, farin baki da ya ƙi ji bayan shekara ɗaya, cibiyar da ta wuce wata ba ta faɗi ba, tabon allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ya ƙi warkewa ya bazu, ciwon da kullum sai an kai ga allurar jijiya kafin ya tafi, ko a ce yayyenshi sun rasu suna jarirai da irin wannan ciwon, musamman in auren zumunci ne. In akwai biyu daga cikin waɗannan sai likitan yara ya gan shi, a babban asibiti ko a cibiyar uwa da yaro, shi zai rubuta takardar turawa ya faɗi gwajin da ake nema. Tafiya haka kawai a ce a yi babban gwaji, abin da na sha gani shi ne a dawo da takardu shafi biyar da jikkuna sun tafi, a cikinsu a samu lamba ɗaya ko biyu da suka ɗan kauce kaman yadda za a samu ga kowane lafiyayye, hankalin gida ya ƙara tashi. Abin da kika faɗa min, palu da zawo da tari cikin damina ga yaron da aka haifa ƙarami, bai yi kama da wancan ba.

Da ni ke duba shi ga abin da zan yi. A auna kilo da tsawo da damtse satin nan, in ya faɗa rawaya ko ja a sa shi cikin tsarin tamowa ba tare da jin kunya ba, biskit ɗin da ake ba masu tamowa magani ne kuma nashi ne shi kaɗai ba a raba ma yayye. A yi elektroforez. Tunda palun ya tafi likita zai iya ba shi maganin ƙarin jini na wata uku, a sake auna emoglobin bayan wata ɗaya, in bai motsa ba a nemi dalili, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki tunda ya wuce shekara, da bitamin A in ya yi wata shida bai samu ba. Maganin rigakafin palu na damina da ake bi gida gida kwana uku ne, na farkon da suka ba shi a gabansu bai isa ba sai kin cika biyun da suka bar miki, gidan sauro kuma kowane dare. In zawo ya zo ruwan gishiri da sukari na leda da zinc kwana 10 zuwa 14, kar a ce haƙori ne a zauna, kar a kai shi wajen wanzami cire beli. Kar ki yaye shi yanzu. Kunun gero zalla ruwa ne ya fi yawa, ki kaurara shi da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko garin wake da ɗan mai, ƙwai in ya samu, hanta ko sau ɗaya a sati, garin zogale, dakakkiyar fara ko busasshen kifi, sau huɗu biyar a rana, bayan ciwo kuma a ƙara mishi ci ɗaya har sati biyu. Shayi na hana ƙarfen abinci shiga jiki, a daina ba shi.

Makonnin nan na bayan ciwo kar ki sake da su. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Afirka da Asiya, har da Banfora ta Burkina, aka buga a 2022, ya nuna kusan rabin yaran da suka rasu, bayan an sallame su ne suka rasu, cikin wata shida, mafi yawa a gida. Ki koyi ƙirga numfashinshi yana barci ko yana kwance shiru, ki ɗaga riga ki sa agogon waya minti ɗaya cif. A shekarunshi 40 ko fiye sauri ne, ɗan wata 2 zuwa 11 kuma 50, wanda bai kai wata biyu ba 60. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko duk abin da ya sha ya amayar, ko ya yi jijjiga, ko barci mai nauyin da ba ya farkawa sosai, ko tafin hannu ya yi fari fat, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a nemi ɗan kabu-kabu a tafi, ba a jiran analiz ba a jiran mai gida ya dawo. Ga masu jarirai kuma, wanda bai kai wata biyu ba zafin jiki 38 ko sanyi ƙasa da 35,5 asibiti ne kai tsaye ko da yana kama da mai lafiya.

Abu ɗaya game da elektroforez ɗin, in an taɓa ƙara mishi jini a ɗaya daga cikin rashin lafiyar nan ki faɗa ma mai labo, sai an jira wata uku kafin a yi, in ba haka ba jinin wanda ya bayar ne zai rikita sakamakon. In kin samu lambar damtsen da kilonshi na watanni ukun baya da ke cikin karne ki turo min su tare, in ga inda layin ya nufa.